Takabar da Aka Sace wa Mastura

Mahjar, Jidda
Watan Safar

Assalamu alaikum Yaya Lado,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Anti Jawahir da yara. Na ba ƙawata Yasmin wannan takardar ta kawo maka Melbon hannu da hannu, tunda yanzu in ka ga kirana ba ka ɗauka.

Ranar Juma'a na ji ƙanena Saifuddeen zai je Umra, na ce ya tafi da ni. Ya yi ta hanya-hanya, wai motarsa ba sanyi, wai akwai cunkoso. Na ce yalla, mu tafi, ni ba baƙuwar zafi ba ce. Ka san mu 'yan Jidda daga gida muke ɗaukar harami. Ya fito falo ya yi raka'a biyu, ina bayansa ina gyara abaya. Da zai ɗauki niyya sai ya sassauta murya, amma Saifu tun yana yaro bai iya raɗa ba. Da kunnena na ji ya ce Umrar a madadin ƙanenka, mijina Idris, ce.

Yaya, ni ba malama ba ce, amma a bakin hanyar Makka aka haife ni. Ba a yi wa saurayi mai lafiya Umra. Tsohon da ya kasa tashi ake yi wa, ko mamaci.

Na riƙe haraminsa na ce, "Saifu, wa ka ce?" Ya zauna a ƙasa yana kuka, ƙato da shi. Ya ce makon jiya ka kira shi ka roƙe shi, ka sa ya rantse ba zai gaya mini ba. Ya ce tun Sha'aban Idris, Abu Lama, ya rasu.

Tun Sha'aban, Yaya. Azumi ya zo ban ji muryarsa ba, ka ce suna cikin duwatsun Afganistan, ba waya. Da Sallah ka ce yana gaishe ni, har ya ce in saya wa 'yarsa Lama jan takalmi. Na saya, na gaya mata babanta ne ya aiko. Wa ya ce a saya? Kai ka zauna ka ƙirƙiro har da launinsa?

A Shawwal na yi lalle har gwiwar hannu na je bikin ƙanwarku Abir. Na sha turare, na yi rawa har aka yi mini guɗa. Ashe lokacin ya kamata a ce ina ɗaki ina takaba. Duk lokacin da na tuna sai in ji kamar in kankare fatar hannuna.

Ka gaya mini yadda ya rasu, da wanda ya yi masa salla, da inda yake kwance. Ka kuma gaya mini wa ya sani ban da kai. Kada ka kira ni, ka rubuto. A waya ka fi ni iya magana.

Wassalam,
Ummu Lama

*

Melbon, Ostireliya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata Mastura,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Saƙonki ya iso, na karanta shi a tsaye, na sake karantawa a zaune. Kina da gaskiya, kuma zan amsa miki abin da kika tambaya.

Kin san ni na jawo Idris ƙasar nan, kin kuma san abin da ya kai shi soja. Ya gaji da rayuwar iƙama, a haifi mutum a gari ya tsufa yana sabunta izinin zama. Yana so ya tsaya da ƙafarsa a nan ya ɗauko ku. Sojan ƙasa ne, cikin masu sintiri da ƙafa. Wani kofur da suke tare, Brodie, ya zo gidana ya ba ni labarinsa. Ya ce in sun shiga ƙauye Idris ake turawa gaba, domin yana sallama da tsofaffi, yana zama a tabarmarsu, su kuma sukan saki jiki da shi. Ya ce kowace yamma yana dafa musu shayi da busasshen habak, ganyen na'a-na'ar nan da kika ɗaure masa, har turawan suka saba suna nema.

Ranar da abin ya faru suna tafiya ne da safe a gefen wata gona, ya taka bam ɗin da aka binne. Brodie ya riƙe shi har jirgi ya zo. Ya ce bai daɗe ba, kuma bakinsa yana motsi da abin da shi bai gane ba. Muna fatan shahada ce.

An kawo shi nan. Mun yi masa salla a masallacinmu, jama'a sun cika har waje, sojoji suna tsaye a gefe cikin ladabi. Yana maƙabartar Musulmi, fuskarsa na kallon alƙibla. Ni na sa shi a kabari da hannuna.

Saura tambayarki ta ƙarshe. A ranar na kira mahaifiyarmu Hajiya Dela na gaya mata. Kin san angon Abir ɗan ƙasa ne a can Jidda, ita kuma baƙuwa mai iƙama, kin san shekarun da aka yi ana bin izinin auren nan, kuma yana da wa'adi. Da an yi zaman makoki, da dangin ango sun ɗaga bikin, wataƙila har abada. Hajiya ta ce ta rasa ɗa, ba za ta rasa makomar 'ya ba, a bari sai bayan biki. Na bi maganarta. Bayan biki kuma kowa ya kasa buɗe baki, kullum sai mu ce gobe.

Na yi kuskure, ina neman afuwarki. Amma ki duba, ko ba komai an ɗauke miki zaman ɗaki na wata da watanni. Wataƙila akwai rahama a ciki.

Yayanki,
Lado

*

Mahjar, Jidda

Assalamu alaikum Yaya Lado,

Ina gaisuwa. Na gode da labarin shayin, shi kaɗai na iya karanta wa Lama.

Rahama ka ce? Wa ya gaya maka zaman ɗakin nauyi ne da nake neman mai sauke mini? Mijina ne. Shekara shida ina jiransa, sau biyu ya zo hutu. Wannan zaman shi ne abu na ƙarshe da ya rage in yi masa, kuka ɗauke ba ku tambaye ni ba.

Na je unguwar Ruwais wurin Hajiya. Na same ta a kan sallaya, tana ganin fuskata ta san na sani. Na ce, "Hajiya, ke kika kira mai lalle ranar nan. Na ce ba na jin kwalliya mijina yana bakin daga, kika ce matar Idris ba za ta shiga taro kamar marainiya ba." Ta ce, "Da kin zo ba lalle, da mata sun yi tambaya." Haka kawai ta ce. Sai na tuna yadda take ta shiga banɗaki a wurin bikin tana fitowa da jan ido, tana cewa hayaƙin turaren wuta ne. Ita ta yi kukanta, ko a ɓoye ne. Ni aka tura fili ina rawa don kada a gane. Shekara takwas ina kiran matar nan uwa, ina yanke mata farce.

Daga nan na wuce wurin shehin masallacinmu. Ya ce idda daga ranar rasuwa take farawa, ko mace ta sani ko ba ta sani ba. Tawa ta ƙare tun tuni, ba ni da zunubi, halas, magana ta ƙare. Na fito ina tafiya ban san inda nake sa ƙafa ba. Ni ba zunubi na je tambaya ba.

Akwai abin da bai shige mini ba. Abu Lama ya taɓa ce mini in wani abu ya same shi, sojoji da kansu suke neman iyalin mutum ko a ina suke. Me ya sa ba wanda ya neme ni?

Wassalam,
Ummu Lama

*

Melbon

Salamu alaikum Mastura,

Gaisuwa da fatan alheri. Na so a ce ba ki yi wannan tambayar ba.

Aurenku a gida aka ɗaura, ba takardar hukuma. Idris yana ta ƙoƙarin gyara wannan, bai gama ba aka tura su. Ni kaɗai suka sani a matsayin ɗan'uwansa. Da hafsoshi biyu suka zo ƙofata, sun tambaye ni ko yana da mata ko 'ya'ya da za a sanar. Brodie ma ya ce yana yawan ambaton wata Lama. Na san in na ce e, a ranar za su kira ki. Sai na ce ba shi da aure, Lama 'yar ɗan'uwa ce.

A wurin jana'iza an karanta cewa ya bar uwa da yaya da ƙanwa. Ni aka miƙa wa tuta.

Ba ni da abin kare kaina. Ki yafe mini don Allah.

Lado

*

Mahjar, Jidda

Wa alaikumus salam Yaya Lado,

Ina gaisuwa.

Saifu ya jera kujeru a lungunmu, an yi zaman makoki kwana uku, maza a waje, mata a ciki. Mutanen Mahjar sun zo, kowa yana tambaya yaushe, ina gaya musu gaskiya. Hajiya ta zo rana ta biyu ta zauna a bakin ƙofa. Ban kore ta ba, ban kuma tashi ba.

Na shiga takaba. Na san abin da shehi ya ce, na san ba ta hau kaina ba. Zan yi ta har ƙarshe.

Yafiya ba ni da ita yanzu, ba zan yi maka ƙarya ba. In kana so wata rana a yi maganarta, ka nemi hafsoshin nan biyu da Brodie. Ka gaya musu da bakinka cewa sojansu yana da mata, yana da 'ya. Kafin nan kada ka sake rubuto mini.

Wassalam,
Mastura, matar Idris, uwar 'yarsa Lama