A Fito wa Kakata da Takalmanta Daga Cikin Gilashi

Zuwa ga Shugaban Gidan Adana Kayan Tarihi da muka ziyarta a Abuja,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, har da dogon mai gadin nan mai usur, wanda na yafe wa rabi, saura rabi.

Sunana Sadisu, tela ne ni a Giginyu, ina zaune a Nassarawa GRA, Kano, gidan kawuna, tare da kakata Hajiya Dije. Ban ambaci sunan gidanku ba domin ba tozarci ya kawo ni ba. Kun dai san kanku, tunda ku kaɗai ne a ƙasar nan kuka kulle takalman tsohuwa mai rai a cikin gilashi.

Na ɗaya, yadda abin ya faru. Kwana tara bayan Babbar Sallah, ranar Asabar, muka shigo gidanku ni da Hajiya da 'yar kawuna Bilkisu, wadda muka je Abuja sunan ɗan yayarta. A zaure na biyu kun shirya ɗakin matar aure irin na da: gadon ƙarfe, jeren ƙore da tasoshi, mutum-mutumin mace zaune tana kaɗi, kun gitta igiya, kun kuma shimfiɗa tabarma tun daga bakin ƙofa. To Hajiya tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa taka tabarmar mutane da takalmi ba. Ta tuɓe su a ƙofa, ta yi sallama. Da matar ɗakin ba ta amsa ba, ta ce ai dama an faɗa mata mutanen Abuja ba sa amsa gaisuwa. Daga nan ta shiga gyara muku aiki da baki: an kife faifai a inda ba a kifewa, an ɗora ƙaramar ƙwarya a ƙasan babba, matar kuma ta riƙe mazari kamar za ta soki wani. Baƙi suka bar ma'aikacinku mai bayani suka kewaye ta.

Na biyu, laifina, don kada a ce na ɓoye. Tsakanina da Hajiya wasan jika da kaka ne. Ina ce mata Amarya, tana ce mini mummunan miji wanda ko cefane ba ya iyawa. Na taɓa ɗinke mata hannun riga, na taɓa sa mata ƙadangaren roba a kwandon goro. Ganin hankalinta ya tafi, sai na ɗauki takalman na zura su ta ƙarƙashin igiya, na tura su gindin gadon da ƙafa. Niyyata in ta juyo nema in ce mata ga su can sun koma wurin sa'anninsu. Na faɗa kuwa, har Bilkisu ta yi dariya. Ina miƙa hannu in ɗauko, sai usur. Mai gadi ya ce ba a taɓa kayan tarihi. Na ce yanzun nan na ajiye su. Ya ce kowane ɓarawo haka yake cewa. Na nuna masa ƙafafun Hajiya tsirara a kan tabarma. Ya duba, ya ce shi ba a ɗauke shi aikin gadin ƙafa ba, abin da ke bayan igiya aka ba shi.

Na ce a duba kyamara, aka ce mai makullin ɗakin ya tafi ɗaurin aure. Na ce a duba littafin da kuke rubuta kayan ɗakin, aka ce mai littafin yana hutu. Haka Hajiya ta fito daga gidanku cikin takalmana, lamba arba'in da huɗu, tana jan su kamar kwale-kwale biyu, ni kuma na taka kwaltar Abuja da tsakar rana ba komai a ƙafa. Wannan hukuncin na karɓa, na ci shi.

Na uku, komawata. Bayan mako biyu na rufe shago na hau mota na dawo. Ranka ya daɗe, sai na tarar takalman sun samu ƙarin girma. An ɗauke su daga gindin gado an sa su cikin akwatin gilashi, an haska musu fitila, wata baturiya na ɗaukar su hoto. An kuma manna takarda a jiki, da rubutun Turanci. Ni karatun allo na yi, sai da na tura wa Bilkisu hoton ta karanta mini. Wai takalman mata ne na Arewa, sun haura shekara ɗari, ba a san wanda ya ɗinka su ba. Wani jami'inku mai kirki ya ba ni kujera da ruwan sanyi, sannan ya ce in kawo rasit.

Rasit daga wa? Kakana Malam Ilu baduku ne ya ɗinka su, shekara guda kafin ya rasu, yau shekara goma sha tara. Su ne na ƙarshe da ya yi. Bai sayar mata ba, kyauta ya ba ta. Ba ta sa su sai ranar Sallah ko suna ko biki, in ta dawo ta goge su da man shanu ta naɗe a tsumma.

Na huɗu, shaidata, tunda babu rasit. A buɗe gilashin a juya su. Dunduniyar na hagu ta cinye ta gefen waje, saboda gwiwar Hajiya ta hagu ce ke ciwo. Ɗinkin na dama ya karkace wajen yatsu, domin lokacin idon Malam ya fara rauni. A ƙarƙashin maɗaurin na daman akwai gyara da koren zare, irin wanda nake aikin wuyan kaftani da shi. Ni na yi shi bara. In masananku sun tabbatar koren zaren nan ya shekara ɗari, to ni ma a nemo mini akwatina. In duk wannan bai isa ba, zan kawo ƙafar da kanta a gwada, sai dai ku sani tare da bakin mai ita za ta zo.

Na biyar, abin da ya hana ni sukuni. Tun ranar Hajiya ba ta zage ni ba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kai ƙarata wurin Kawu ba. In na shiga gaishe ta sai ta gyara zama ta ce, Malam Sadisu, an tashi lafiya, ya aiki. Kamar mai karɓar kuɗin wuta ya shigo. Na ce mata Amarya, ta waiga bayanta ta ga da wa nake. Ƙanzon da take ajiye mini tun ina yaro yanzu kaji ke ci. Na sayo mata sababbin takalma, ta yi godiya har da addu'a, ta ba mai aiki. Wanda bai tashi da kaka ba zai ce ai girmama ni ake yi. Wallahi gara duka.

Da na dawo na faɗa mata abin da kuka rubuta, na zaci shekara ɗarin ce za ta ba ta haushi. Tana murza carbi ta ce: "Ba a san shi ba? Ni na zura masa zaren, ba ya ganin kafar allurar." Ban iya tsayawa a ɗakin ba.

Don haka ga roƙona. A ɓamɓare takardar nan yau, tun kafin mai littafi ya dawo daga hutu, domin ƙarya ce aka manna wa mamaci. A duba shaidun da na lissafa, a sa mini ranar da zan zo in karɓa. In kuna jin akwatin zai yi kewa, zan bar muku nawa masu lamba arba'in da huɗu, ku rubuta cewa na wani ja'iri ne, an san shi sarai. Sannan ko ku naɗe tabarmar nan, ko ku kafa kantar ajiye takalma a ƙofa, don Hajiya ba ita ce tsohuwa mai ladabi ta ƙarshe da za ta shigo muku ba. Ƙwaryar nan ma a gyara jerinta, Hajiya ta yi gaskiya.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya kare kayan da kake tsaro daga gara da gobara da irina. Allah ya sa ka gama aiki lafiya, ya ba ka jikokin da ba su kai ni ba. Ranar da kuka ba ni takalman zan ajiye su a ƙofar ɗakin Hajiya, in yi sallama, in tsaya. In na ji ta ce wane mummunan ne a nan, to ka samu ladan gyara aure.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Sadisu Tela, Nassarawa GRA, Kano.