Gyaran da Ba a Sa Babanki Ba

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya aiki, yaya haƙuri da zaman nesa? Ƙafar ƙaramin da kika ce ta kumbura, da fatan ta sace. Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Duk lokacin da na ɗauki waya, Babanki sai ya zo ya tsaya kusa da ni wai takalminsa yake nema. Labarin nan kuwa nasa ne, ba zan iya ba ki shi yana kasa kunne ba.

Baƙin nan masu yawon buɗe ido da kika haɗa mu da kamfaninsu sun zo ranar Litinin. Auta, Allah ya yi miki albarka. Kin san yadda Babanki ya koma tun da roba da ƙarfe suka kori tukunyar ƙasa daga kasuwa. Shekara biyu yana zaune kan bencin bakin ƙofa, ba ya ciwo, kuma ba shi da lafiya. In na kawo abinci ya tsakura ya ture. Ina kallo yana ƙarewa a gabana, na rasa magani. To, tun ana saura kwana uku baƙin su zo mutumin nan ya miƙe. Ya share rumfar aiki, ya jiƙa yumɓu, ya tattake shi da ƙafa yana 'yar waƙa, ya je ya yi aski, har ya yi mini faɗa kan na ajiye tsintsiya inda bai ce ba. Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Su goma sha huɗu suka sauko daga bas. Jagoransu wani siriri ne mai ɗaga 'yar tuta don kada su ɓace, shi ne kuma tafinta, Mai Tuta muke ce masa. Tsarin da ya zo da shi: kowa ya gina tukunyarsa da hannunsa, su bar mana, su tafi yawonsu kwana goma, mu shanya mu toya, in sun dawo kowa ya ɗauki tasa.

Da kin ga manyan mutane zaune a ƙasa suna damun laka kamar 'yan yaye, da kin yi dariya har cikinki ya ƙulle. Akwai wata doguwa da ta fi ɗaukar hoto fiye da gini. Akwai wani da na sa wa suna Sarkin Tambaya, har ya sa aka tambayi Babanki sunan irin wannan yumɓun. Babanki ya yi tunani, ya ce sunansa yumɓu. Mutumin ya ciro littafi ya rubuta. Wani kuma da fararen kaya ya zo, ya koma bas kamar wanda aka ciro daga rami. Sai wani dattijo mai sanda da hannunsa ke rawa, shi bai yi surutu ba, ya duƙufa ya yi wani ɗan kofi, wai na matarsa ne da ba ta samu zuwa ba.

Abin da suka gina kuwa, sai dai a yi shiru. Wata tukunyar kamar hular da aka zauna a kai. Wata bakinta ya kalli gabas, gindinta ya kalli yamma. Ta doguwar, in kin zuba ruwa ta sama sai ki tare shi ta ƙasa. Amma kowa riƙe da tasa yana washe baki kamar an yi masa haihuwa.

Da suka tafi, Babanki ya tsaya kan tukwanen nan yana salati kamar wanda ya zo ta'aziyya. Na ga yatsunsa suna motsi. Na ce masa ya bar wa mutane kayansu yadda suka bar su. Ya ce to. Kin dai san to ɗin Babanki. Gobe zan je duba ƙanwata da ba ta jin daɗi, kwana biyu zan yi.

Ki gaida maigidanki da yara. Ki riƙa ci kina ƙoshi.

Taki har kullum,
Inna

*

Zuwa ga Autata,

Ina gaishe ki da fatan kuna lafiya ke da mutanen gidan duka. Saƙonki ya iso, na gode, zanen ya yi mini kyau. Ƙanwata ta samu sauƙi, tana gaishe ki. Mu ma lafiya, in dai lafiyar jiki ake nufi.

Auta, ta faru ta ƙare. Garin gyaran gira Babanki ya rasa ido.

Ashe ina fita daga gidan ya rufe tukwanen baƙin da jiƙaƙƙen buhu har suka yi laushi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan katakonsa da dutsen guga. Mai karkata ya miƙe ta, mai rami ya toshe, mai kauri ya kankare. Da na dawo na tarar ya kulle rumfar wai don kaji, ni kuma da sakarci na yarda. Sai ranar da baƙi suka dawo na ga abin da ido. Tukwane goma sha huɗu a jere kan tabarma, sumul-sumul, kamar uwa ɗaya ta haife su. Shi kuma yana tsaye a gefe cikin sabuwar riga, hannu a baya, yana jiran a yaba.

Mutanen suka zo da gudu kowa na neman tasa, suka yi cirko-cirko. Doguwar ta ciro wayarta ta nuna hoton waccan mai ɓulin, tana nuna hoton tana nuna tabarma. Babanki ya ɗauko wata kyakkyawa ya miƙa mata, ya sa Mai Tuta ya gaya mata cewa ita ce, ya warkar da ita ne. Matar nan ta ɗora hannu a ka. Wai irin wannan ko a kanti za ta samu, ita tata take so, mai ɓulinta. Sarkin Tambaya ya nemi sanin ko al'adar masu ginin tukwane ce su rushe aikin ɗalibi don koya masa haƙuri. Mai Tuta ya ƙi fassarawa, sai daga baya ya gaya mini.

Duk wannan da sauƙi. Dattijon nan mai sanda ne ya karya mini zuciya. Ya ɗauki kofin, ya jujjuya shi yana neman inda babban yatsansa ya lotsa, bai gani ba. Ya yi wa Babanki godiya da ka, ya ajiye kofin a hankali, ya koma bas ya zauna. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mai Tuta ya ja ni gefe yana share gumi. Ya ce mutanen nan ba tukunya suka zo nema ba, hannunsu suka zo gani a jikin tukunya. Ya ce akwai wani ayarin nan da mako biyu, in aka sake irin wannan, kamfani zai soke sunanmu daga wuraren da ake kai baƙi, kuma ba za a sake dawowa ba.

Da na isar da saƙon, Babanki ya hau sama. Wai shekara arba'in ba a taɓa ganin karkatacciyar tukunya ta fito daga matoyarsa ba, mahaifinsa da ƙafa yake fasa irinsu, ba zai fara da furfura ba. Wai ya yi wa mutane alheri sun saka masa da tsiya. Su soke, wai shi ma ya soke su. Ya ja ƙofar rumfar ya datse, ya wurgo mini makulli.

Yau kwana huɗu yana kan bencin nan. Abincin rana yana gabansa har ƙudaje sun gaji. Ya bar ma neman takalmi in ina waya. Ba baƙin nake ji ba, Auta, mijina nake ji. Na gan shi ya dawo mutum na kwana goma sha uku, kuma in ya sake komawa bencin nan ban san ko zai ƙara tashi ba. Kada ki kira shi ki yi masa nasiha, kin san taurin kai zai ƙara. Ki dai taya ni da addu'a.

Ki shafa mini kan yara.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Inna

*

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya maigidan, yaya 'yan makaranta? Na san kin ƙagu, shi ya sa ban tsaya dogon gaishe-gaishe ba. Muna lafiya, kuma wannan karon har cikin zuciya.

Sai da na yi ƙarya, Allah ya yafe mini. Ana saura kwana biyu sabon ayari ya zo, na dawo daga kasuwa na ajiye kwando a gabansa, na yi tsaki mai ƙarfi, na ƙi cewa komai. Sai da ya tambaya sau uku. Sannan na ce masa ai Gajere, maginin nan na bayan tasha da suka yi shekaru suna gasa, shi ke yawo da magana. Wai ba don kyau Babanki ya gyara tukwanen baƙi ba, tsoro ya ji. Wai tukunyar ɗan koyo ga kauri, ga iska a ciki, ga gefe ɗaya ya fi ɗaya, ba kowane magini ke iya fito da ita daga wuta ba tare da ta fashe ba, kuma Babanki ya san wutarsa ta tsufa. Gajere kuwa, bawan Allah, rabon da in gan shi tun bara.

Babanki ya jawo kwano. Ya cinye abincin gabansa tas, ya miƙo hannu na ba shi makulli.

Baƙi goma sha biyu suka zo, kuma waɗannan sun fi na farko iya ɓarna. Wani ya yi abin da shi kansa bai san sunansa ba. Wata ta sa wa tata hannu uku. Babanki yana zagayawa yana nuna musu, amma hannayensa a harɗe a baya, ɗaya riƙe da ɗaya kamar ɗan sanda da ɓarawo. Sau ɗaya wata ta miƙo masa tata ya taimaka, na ga hannun ya kuɓuce, na yi tari. Ya mayar da shi.

Bayan sun tafi aka shiga aikin gaske. Ban taɓa ganin ya yi wa tukwanensa masu kyau irin wannan hidimar ba. A inuwa ya shanya su don kada rana ta tsaga su, yana juya su sau uku a wuni. Masu kaurin gindi ya soka musu allura ta ƙasa don iska ta fita, ni ina tsaye a kansa don kada allurar ta zarce zuwa gyara. Ya kwana biyu yana ɗumama su da hayaƙi kafin su ga wuta. Ranar toyi ya jera su, ya kare kowacce da fasassun kasake, ya riƙa sa itace ƙanana-ƙanana tun safe har la'asar, ko ruwa sai na kai masa baki. Mai hannu ukun nan har lallashinta yake yi, yana ce mata ta yi haƙuri ta daure.

Da matoya ta huce muka buɗe. Goma sha biyu cif, ko tsaga babu, kuma kowacce da muninta yadda mai ita ya bar ta. Ranar da suka dawo sai ihu da tsalle. Kowa daga nesa yake gane tasa, matar da ta gina mai hannu ukun ta rungume abarta har da hawaye. Mai Tuta ya ce an sa mu cikin jerin wuraren da za a riƙa kai baƙi kowane wata. Babanki yana ta fama da fuska don kada a ga yana murmushi. Yanzu har cewa yake yi gina kyakkyawar tukunya aikin yara ne, toya mummuna shi ne gwaninta.

Jiya da yamma muna shan shayi ya ce zai je ya sami Gajere. Na ga gara in faɗi gaskiya da a je a yi abin kunya a bayan tasha, na ce masa Gajere bai ce komai ba, ni na ƙirƙira. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce ya sani tun ranar, don shekara talatin da shida duk sanda zan yi ƙarya sai na gyara ɗaurin ɗankwali, kuma ranar sau uku na gyara. Ya ce tun da dattijon nan ya ajiye kofinsa ya san ya yi kuskure, yana ta neman ƙofar da zai bi ya koma rumfa ba tare da ya ce ya yi laifi ba, ya rasa, sai ga ni na buɗe masa. Wurin Gajere kuwa, aron itace za shi, don na wata mai zuwa ba zai isa ba.

Auta, na tashi na shige ɗaki wai zan ƙaro sukari, na yi kukana na share ido na fito. Ina wannan rubutun ina jin sa a rumfa yana tattaka yumɓu, yana ƙwala mini kira in zo in kau da tsintsiyata.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Taki,
Inna