Mota Mai Kujera Biyu

Tudun Wada, Zariya
10 ga Yuni, 1974

Zuwa ga uwargidana Zinatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina miki barka da sauka lafiya. Yaya jikin, yaya ruwan zafi? Jiya da hantsi Mamman direban bas ɗin Funtuwa ya tsaya inda muke buga bulo ya yi mini albishir cewa kin sami namiji ranar Juma'a. Allah ya raya shi.

Ni ma ina da nawa albishir ɗin. Kin tuna jar motar nan ta Baturen Samaru, wadda na dame ki da labarinta duk ranar da muka kai yashi can? To ya tashi komawa ƙasarsu, na saye ta, yanzu haka tana ƙofar gidanmu. Zinatu, kujera biyu ce rak. Ba ta da rufi sai wani ɗan tanti da ake ja, shi ma ya yage. Don gajarta, in na zauna ciki ina taɓa ƙasa da tafin hannuna. Sitiyarinta a dama yake, na tsohon hannu, tun kafin a canja. In na taka ta a hanyar Shika, kukanta kaɗai ke korar awaki tun ban iso ba.

Yanzu arzikin man fetur ya sa kowane akawu ya sayi Fijo, in suka jeru a bakin ofis mai ita ma sai ya duba lamba kafin ya gane tasa. Ni kuwa ban bar makaranta a aji biyu, na fara ɗibar yashi da jakai biyu a bakin rafin Kubanni, don in zo in hau abin da kowa ke hawa ba. Duk Lahadi da yamma muna haɗuwa a garejin Hyacinth bakanike, mu biyar, kowa da tasa. Ta abokina Kailani ƙafa uku gare ta, ƙofarta ta gaba take buɗewa kamar kabad, sitiyarin ma ya biyo ƙofar. Ta Hyacinth fitilunta a saman goshi suke kamar idon kwaɗo. Matan maƙwabta sun sa wa tawa suna Kwalekwale. Su yi ta faɗa.

Ranar Juma'a zan iso suna da ita. Ragon zai biyo bas ɗin Mamman, don ba inda zan sa shi. Na riga na faɗa a gaban su Kailani cewa ni zan kai mahaifinki Malam masallaci a cikinta, Funtuwa ta gani.

Ki gaishe da Malam da Inna da Gwaggo Hajo.

Naki,
Nagoda Dalhatu


Tudun Wada, Zariya
29 ga Yuli, 1974

Zuwa ga Zinatu,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yaron da dukan mutanen gida. Mu nan lafiya, sai dai ruwa da ya hana mu shanya bulo.

Yau kwana goma sha biyu da cikar arba'in. Da za ki tafi haihuwa gida mun yi da Inna cewa kina gama wanka za a kawo ki. Sau biyu ina aika Mamman, sau biyu yana dawowa da cewa an ce a gaishe ni. Na sa an yi wa ɗakinki farar ƙasa, har ta fara dafewa. In na shiga gida sai in fito, in na fito in rasa inda za ni. Shekaranjiya na kai har garin Giwa a hanyar Funtuwa na juyo, ban san abin da ya kai ni ba.

Na san maganar rawanin Malam ce. Kina cikin ɗaki ranar, ban san yadda aka kawo miki labarin ba, don haka ga nawa.

Ni ban tilasta wa mahaifinki ba. Roƙonsa na yi a gaban baƙi, shi kuma ba ya son kunyata mutum, ya ce to. Kuskurena na farko shi ne ban yi tunanin girman rigarsa ba. Sai da mutum biyu suka tattara ta suka cusa masa. Na biyu, ban taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da surukina ba sai ranar, duk canjin giya sai hannuna ya bugi gwiwarsa, ina cewa a gafarce ni, yana cewa ba komai. Ga shi kujerarsa ce ke ɓangaren tsakiyar titi, manyan motocin auduga suna wucewa dab da kunnensa. Ina jin yana ta salati, ni na ɗauka daɗin motar ne.

Wallahi ban yi gudu ba. Abin da na taka bai kai rabin wanda nake yi a hanyar Shika ba. Iska ce ta kama jelar rawanin daidai kasuwa, kafin in tsaya ya warware duka, ya tafi ya kwanta a kan tumatirin wata mata. Haka muka isa, Malam da 'yar hula kawai.

Amma abin da ke hana ni sukuni shi ne na ƙofar masallaci. Dattawan da ke ɗaukar karatu wurinsa sun taso gaishe shi, suka durƙusa kamar kullum, sai ga shi duk da durƙuson, kansu ya fi nasa tsawo, don yana zaune a cikin motar. Wani ya ƙara sunkuyawa, wani ya zauna daɓas a cikin taɓo, har yanzu suna kallonsa daga sama. Da ƙyar aka kamo hannuwansa aka ciro shi. Da aka idar a ƙasa ya koma gida.

Ban ba wa su Kailani labari ba, amma Mamman ya riga ni. Yanzu in na shiga gareji sai Hyacinth ya dafe hularsa da hannu biyu, ya ce Oga Nagoda ya iso, kowa ya riƙe kansa. Ina dariya tare da su, amma ba ta kai ciki.

Zinatu, ni mutum ne da ban saba ba da haƙuri ba, kin sani. Ba wanda ya ba ni ko kwanon siminti kyauta. Amma in rawani ne, na sayi guda uku masu kyau a cikin birni, suna nan a naɗe. Ki tambayar mini Inna ta wace hanya zan bi. Kuma ki ba ni amsa da hannunki, ba ta bakin Mamman ba.

Motar tana lafiya, mun sami tantin da zai dace da ita daga Kaduna.

Mijinki,
Nagoda


Tudun Wada, Zariya
12 ga Agusta, 1974

Zuwa ga Zinatu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da Mahmudu. Takardarki ta same ni ranar Asabar a wurin aiki. A tsaye na karanta ta, na koma bayan tarin bulo na sake karantawa a zaune.

Ashe Malam ya daɗe da mayar da maganar rawani abin ba baƙi dariya. Ashe tun ranar arba'in ya ce a shirya ki, ke ce kika ce a dakata. Ni ina nan ina ta sayen rawuna.

Da farko raina ya ɓaci. Na ɗauko biro zan rubuta miki cewa kunyar ɗan fari ce ta hana ni yawan zancensa, kamar yadda iyayenmu suke yi. Har na rubuta layi biyu na yage, don ƙarya ce, kuma ke za ki gane. Kin ce kin ƙirga, a wasiƙuna biyu mota ta sami shafi uku, ɗanki ya sami kalma biyar. Kin ce ranar suna da Gwaggo Hajo ta fito da shi zaure ta miƙo mini, na ce ta dakata in wanke hannu saboda baƙin mai, kuma ban dawo ba, ina waje ina nuna wa mutane inji. Na yi ta neman inda kika ƙara gishiri, ban samu ba. Haka aka yi. Kin kuma tambaye ni, mota mai kujera biyu, in kin zauna, shi da mai rakiyarki ina za su? Tun da na saye ta ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Jiya bayan la'asar na zauna a ɗakinki na rufe ido don in tuna fuskarsa, na kasa. Lambar injin motar nan na san ta da ka. Ɗana kuwa ban san ko fari ne ko baƙi ba. Na tashi na yi ta zagaya tsakar gida kamar wanda ya yar da wani abu.

Ba zan yi miki ƙarya in ce na daina sonta ba. Amma da safen nan na kai ta garejin Hyacinth, na ba shi makulli, na ce ya nema mata wanda zai riƙe ta da kyau. Ya ɗauka wasa ne, sai da ya ga na kama hanya a ƙasa. Kailani ya biyo ni har bakin titi a cikin kabad ɗinsa yana cewa an yi mini asiri. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan koma.

Ranar Alhamis zan shigo bas ɗin Mamman kamar kowa. Na bar aikin bulo a hannun Mudi birkila, ban kuwa yanka masa ranar dawowata ba. Ba na zo in ɗauke ki ba ne. Zan sauka a zauren Malam, ki sa Gwaggo ta fito mini da shi, in riƙe shi har ya gaji da ni. Ranar da kika ce a tashi, ranar za mu tashi, ko sati nawa ne.

Ki faɗa mini kafin nan, in Mamman zai juyo: yana yarda da baƙo, ko kuka yake yi? Kuma yaya ake tallafe kansa? Ba na son in tambayi Gwaggo a gaban mutane.

Ki gaishe da Malam da Inna. Allah ya kai mu Alhamis.

Ni ne mijinki,
Nagoda Dalhatu