Igiyar da ta Rage wa Mati

Hajj Abdalla.

Zuwa ga Yayana Falalu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya mutanen Mai Wurno? Mu nan garin Hajj Abdalla sai godiya, amma da magana.

Ka san maigidana Mati da taurin kai. Kara ya soke shi a ƙafa yana sharar tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonarmu, ya danna toka ya koma aiki. Ƙafa ta haye, zazzaɓi ya biyo. Shekaranjiya da hantsi ya fara sambatu, ya dube ni a gaban wansa Jibo da maƙwabta ya ce ya sake ni, in fita.

Yaya, ba ka manta saki biyun da ya yi mini zamanin muna da ƙarfin faɗa ba. Igiya ɗaya ta rage mana, ita muke lallaɓawa har muka yi jikoki. Jibo ya ce aure ya ƙare, yanzu ko goshinsa ba ni da ikon taɓawa. Mata na cewa iskar ruwa ce ta taɓa shi, an kawo rubutu. Ni dai na ce a kai shi asibitin Wad Madani. Tsoro nake ji, ban ɓoye maka ba.

Ƙanwarka,
Yalwa.

Wad Madani.

Yaya Falalu,

Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke fatan samu. An kwantar da Mati a asibiti, ana ƙara masa ruwa da allurai. Jibo ke jinyarsa, mutumin da ko shayi bai iya haɗawa ba. Ni ina baranda a kan tabarma, ina jin nishinsa ta taga.

Daktora Lina, likitar da ke duba shi, ta ga zamana ta tambayi dalili. Da na faɗa mata, ta kira Jibo ta yi mana bayani a tsanake. Ta ce Allah ya sa wani shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, mai tace abin da zai shiga. Idan cuta ta bazu a jini, jiki duka ya ɗauki kumburi yana yaƙi da ita, shingen kan yi sako-sako, kamar gaɓar tur'a in ta jiƙe ta fara yoyo. Abin da bai kamata ba sai ya tsallaka, mutum ya rikice, ya ga abin da babu. Ta ce yawanci in kumburin ya sauka hankali kan komo, amma ba ta yi mini alkawari ba.

Jibo ya ce likita ba ita ta ɗaura aure ba, ba za ta kwance magana ba. Ban ga laifinsa ba, tsoron Allah ne. Ka zo mana da Malam Mahmud, shi ya ɗaura, shi zai duba.

Ka gaishe da Inna, kada ka gaya mata tukuna.

Yalwa.

Hajj Abdalla.

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji ciwon gwiwa ya hana ka rako Malam, Allah ya sawwaƙe. Mun dawo gida. Mati ya rame, yana ɗingishi, amma har ya fara ƙorafin gishiri, ka san ya warke ke nan.

Malam ya saurari Jibo, ya saurari bayanin Daktora, sannan ya tambayi Mati abin da ya tuna. Ina bayan ƙofa ina saurare. Mati ya ce bai san ranar ba, bai san su wa ke wurin ba. Abin da ya gani, tur'a ta fashe, ruwa ya cika ɗaki har wuya, ni kuma ina tsaye ina masa fifita, ya ce in gudu na ƙi.

Malam ya ce wanda ya ga kogi a ɗakinsa ana tsakiyar rani ba ya cikin hankalinsa, saki bai auku ba. Jibo da kansa ya fara cewa alhamdu lillahi.

Da suka watse na shiga, na tambayi Mati don me bai nemi wata kalma ba sai wannan. Ya ce shi ya san matar da ya aura, ba abin da zai fitar da ni daga ɗakin da yake kwance in ba ita ba. Yaya, na yi niyyar faɗa, kuka ya riga ni.

Yanzu kana iya gaya wa Inna.

Taka har kullum,
Yalwa.