Na Sake Rubuta Takardun Gizo-gizon Baba da Biro

Anti, don Allah ki taimaka mini. Kwana huɗu ke nan ko littafin soyayyar da nake tsakiyarsa na kasa buɗewa. Shekaruna sha shida, kuma ban taɓa rubuto wa jarida ba.

Babana malamin jami'a ne da ya yi ritaya, aikinsa rarrabe gizo-gizo. Ba irin masu saƙa a lungun ɗaki ba, wasu ne 'yan firit da ba su kai ƙwayar gero ba, yana tankaɗo su daga ruɓaɓɓen ganye a ƙasan kurmi. Kowanne yana cikin 'yar kwalba da sifirit, ruwan da ke hana shi ruɓewa, da guntuwar takarda a ciki mai ɗauke da wuri da ranar da aka kama shi. Sai ya sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya duba jerin idanu, ya ƙirga gashin ƙafa, kafin ya ce wannan ɗan dangin wane ne. Mama takan ce ya fi sanin dangin gizo-gizo a kan nata. Ni kaɗai ya ba makullin ɗakin, yana kirana Sakatariya.

Ya taɓa gaya mini cewa wani lokaci namiji da tamatarsa ba sa kama da juna ko kaɗan, takardar ce ke nuna tare aka same su. Tun ranar nake musu kallon masoyan da aka raba, kowa a kwalbarsa yana jira.

Idonsa ya fara rauni, takardun kuma da fensir ya rubuta su, dishi-dishi. Da ya yi tafiya sai na ce bari na ba shi mamaki. Na ciro takardun kwalba goma sha biyu, na kwafe su da birona mai ruwan shuni, har da 'yar lanƙwasa a manyan baƙaƙe, na saka sababbin cikin kwalaben, na zubar da tsofaffin. Washegari sifirit ya rine, rubutun ya wanke. Ashe abin da ya sa yake riƙe da fensir ke nan.

Jibi zai dawo. Na tuna wasu wuraren, zuciyata tana cewa na canza ruwan, na rubuta da fensir, ba zai gane ba. In na faɗa masa, ina tsoron ya karɓe makullin. Gidanmu akwai hayaniya, Anti. Ɗakin nan ne kaɗai ake zama da ni shiru ba a tambaye ni me ke damuna ba.

Sakatariyar Baba

'Yata Sakatariya,

Kada ki rubuta komai a cikin kwalaben nan. Takardar da ta goge asara ce, amma wadda aka cika da zato ta fi ta illa: Babanki zai iya haɗa namiji da tamatar da ba tasa ba, ya wallafa da sunansa, wasu su ɗora a kai.

Kin yi kuskure da ba ki tambaya ba. Shi ma ya yi sakaci, ya naɗa sakatariya bai gaya mata sirrin fensir ba. Ki bar masa wannan ya gano da kansa.

Ki bar kwalaben a jerin da suke, jerin kansa zai iya tuna masa wani abu. Ki samu takarda daban ki rubuta abin da kika tuna, ki ware wanda kika tabbatar da wanda kike shakka. Masu irin aikinsa sukan ajiye littafin rubutun daji, wataƙila a ceto da yawa daga ciki.

Idan ya dawo ya ci abinci ya huta, ki gaya masa kafin ya shiga ɗakin. In baki ya yi nauyi, rubuta masa, na ga kin iya. Zai ji zafi, yana ma iya karɓar makullin na ɗan lokaci. Ki miƙa masa ba gardama. Mutumin da idonsa ke raguwa zai ƙara dogara da idon wani, kuma wanda zai zaɓa shi ne wanda in bai sani ba zai ce bai sani ba.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya yi miki albarka.

Antinki