Kujerar Hagu

Lahadi, 3 ga Maris

Tsohuwa, wato motata, ta tashi yau ba tare da an tura ta ba. Na tsaya ina kallonta kamar wanda aka ce masa ya ci gado.

Maƙwabcinmu sabo ya leƙo ta katanga ya tambaye ni me ya sa sitiyarin motata yake dama. Na ba shi amsar da nake ba kowa: a Ingila aka ƙera ta, can kuwa ta hagun hanya suke tuƙi, kuma ba su taɓa tunanin wani zai kai ta ƙasar da ake bin dama ba. Wajen wani tsohon malamin kwalejinmu na saye ta lokacin da zai koma gida, kafin in yi aure. Ya miƙo mini makulli yana hawaye. A lokacin na ɗauka na baƙin ciki ne.

Abin da ban faɗa wa maƙwabcin ba shi ne motar ta mutum biyu ce. Ni ina zaune ta gefen kwata, ina ganin masu tafiya a ƙasa da kyau, amma abin da ke tahowa daga gaba sai wanda ke kujerar hagu. Tun muna ango da amarya Hajiya ke wannan kujera. In muka tarar da babbar mota, sai ta ɗan karkata kai ta ce "tafi" ko "dakata". Ita ke karɓar tikiti a ƙofar shiga kasuwa. Wurinta ɗan sanda ke zuwa ya ce ta kawo lasin, ta buɗe masa hannuwa ya ga babu sitiyari, ya tsaya yana neman inda ya faɗi.

Mun je gidan Yayarta mun dawo lafiya, kamar kowace Lahadi. Baƙin mai ya ɗiga a ƙofar gidan, kamar kowace Lahadi.

Laraba, 6 ga Maris

Fitilar hagu ta mutu, hon kuma ya fara kuka da kansa. Littafin motar ya ce in haka ta faru "ana shawartar mai mota ya tuntuɓi dillali mafi kusa". Dillali mafi kusa yana bayan teku, kuma ina jin ya rasu.

Lahadi, 10 ga Maris



A hanyar dawowa muka tarar da tankar mai. Miƙaƙƙiyar hanya, rana ba ta faɗi ba. Hajiya ta karkata kai, ta ce tafi. Na fita. Sai ga farar bas a gabana, cike da mutane, tana ta walƙa fitila. Ban san yadda na koma bayan tankar ba. Na dai ji iskar bas ɗin ta girgiza mu, na ga bakin direban a buɗe yana ambaton iyayena.

Na gangara gefe na kashe mota. Hajiya ta ce, "Daga ina ya fito?"

Ba daga ko'ina ya fito ba. Yana nan tun farko, fari fat, a tsakiyar hanya. Na buɗe baki in faɗa, sai na ga yadda ta riƙe jakarta. Na ce direbobin bas ba su da hankali. Ta ce wallahi kuwa.

Tsohuwa ta ƙi tashi bayan nan. Na gode mata.

Litinin, 11 ga Maris

Hajiya tana zuba shayi da yatsa a bakin kofi. Tana bin bango da hannu in za ta shiga kicin. Yau na zauna ina kallo kawai.

Alhamis, 14 ga Maris

Na kira 'yarmu Auta na faɗa mata. Ta ce gobe za ta ɗauki hutu a wurin aiki ta kai uwarta likitan ido. Hajiya ta ce idonta ƙalau, tabarau ne ya tsufa, kuma ba ta san yaushe na zama ɗan rahoto ba. Ta yi mini tuwon fushi, wato ta dafa abin da na fi so ta ajiye ta juya ta tafi.

Talata, 19 ga Maris

Sakamako ya fito. Hawan jinin ido. Likitan yaro ne mai ladabi, ya zana mana ido a takarda, ya nuna jijiyar da ta lalace. Abin da ya tafi ya tafi, in ji shi. Maganin ɗigawa zai riƙe abin da ya rage, in an dace. Na yi masa tambayoyi irin na wanda ya yi karatu, ya amsa mini irin amsar da ake ba wanda ya yi karatu, muka tashi a inda muke.

Na karanta tarihin dauloli da yawa da suka rushe, kuma kullum marubucin yakan nuna ranar da ya kamata a farga. Da sauƙi, in an riga an rushe.

A motar Auta muka dawo, mai sanyi, mai sitiyari a inda Allah ya nufa. Hajiya ta zauna a baya. Da muka iso, ta ce motar ba ta da ƙamshin komai.

Asabar, 23 ga Maris

Gareji. Bakanikena, wanda duk gari ke kira Sai-Jibi, ya saurare ni yana goge hannu. Na tambaye shi ko za a iya mayar da sitiyarin hagu. Ya ce me zai hana, an yi wa wadda ta fi ta. Sai dai a nemo akwatin sitiyari na hagu, da allon gaba, a sauya wurin birki da kuloci da totur, kuma duk sai an yi odarsu daga waje, in akwai wanda ya rage da su. Ko sifanarsa ba ta kama notin motar nan, sai wadda na sayo masa da kaina. Na ce yaushe za a gama? Ya dubi sama. Bai ma ce jibi ba.

Lahadi, 24 ga Maris

Na ce wa Hajiya mota ba lafiya, ba mu je gidan Yaya ba. Rabon da Tsohuwa ta yi lafiya irin ta yau har na manta.

Juma'a, 29 ga Maris

Auta ta zo da shiri. Ta ce, "Baba, wannan ba mota ba ce, majinyaciya ce, kuma yanzu majinyaci ɗaya ya ishe mu." A sayar, a sayi ƙarama mai sitiyarin hagu, in riƙa ganin hanya da idona kamar kowane ɗan Adam. Ta yi gaskiya daga farko har ƙarshe, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. A wurin uwarta ta gado.

Ina shirin in ce to, sai muryar Hajiya daga ɗaki: ba wanda zai sayar da motar nan tana raye. Wai a cikinta aka kawo Auta gida daga asibiti, a cikinta ta yi amai ta yi fitsari, yau kuma ita ce mai raina ta. Auta ta ce, "Umma, ke fa kika fi kowa zaginta." Ta ce ita ta san abin da take zagi.

Da Auta za ta tafi ta ja ni waje. Ta ce in yi mata alkawari ba zan ƙara wuce wata mota da maganar uwarta ba. Na yi. Ta ce in faɗa wa uwar. Wannan ban yi alkawari ba.

Talata, 2 ga Afrilu

A zaurenmu na waya, na masu tsoffin motoci, inda dattawa ke aiko hoton kafireta kamar hoton jika, wani ya ba ni dabara: madubi biyu. Ɗaya a kusurwar hagu ta gilashin gaba yana kallon hanya, ɗaya a gabana yana kallon na farkon. Sai-Jibi ya ɗaura su yau, a yau ɗin, abin da bai taɓa yi ba. Na gwada a hanyar bayan gari. Yana aiki. Motoci na tahowa ƙanana kamar ƙwari, amma ana ganinsu.

Na dawo gida ina jin kaina injiniya.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Hajiya ta yi kwalliya, ta ɗiga magani, ta shiga ta zauna. Ta kai hannu inda take ajiye jaka, hannun ya ci karo da ƙarfen madubin. Ta shafa shi sama da ƙasa. Ta tambayi mene ne. Na yi bayani, da yawa, har da yadda haske ke karyewa in ya bugi gilashi. Ta bar ni na gama.

"To, Malam. Ni in koma baya ke nan."

Na ce ba haka ba ne, taimako ne kawai, ido huɗu ya fi biyu. Ta ce ai ba huɗu ba ne, na sani ta sani. Ta buɗe ƙofa, ta lallaɓa ta sauka, ta ce kanta na ciwo, in gai da Yaya.

Na zauna a mota injin na aiki har maƙwabci ya leƙo ya tambaya ko a tura.

Talata, 9 ga Afrilu

Ba ta yi fushi ba. Da ma ta yi.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Na kwance madubin da kaina. Ya bar huji biyu a allon gaba, katakon da na shekara ina shafa wa mai. Yanzu ba ni da madubi, ba ni da idonta, ga alkawarin Auta. Mutum mai digiri biyu.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Mun je.

Ta shiga, ta kai hannu, ta taɓa hujin. Muna fita gari muka tarar da wata babbar mota, wasu na ƙaura da kayan gida, tana tafiya kamar mai ciwon baya. Na bi ta. Can Hajiya ta karkata kai, ta daɗe tana kallo, ta ce tafi.

Na ce injin ya ɗau zafi, gara mu bi a hankali.

Ta ce to. An jima ta sake cewa tafi, a hankali wannan karon. Wata tirela ta wuce mu ta ɗaya hannun, ƙasa na girgiza.   Na yi ta neman abin faɗa a cikin duk abin da na taɓa karantawa, ban samu ko ɗaya ba.

Sai ta gyara zama, ta jingina, ta ce, "Me suka ɗauko ne a motar nan? Ina ganin abu kamar ƙafafu."

Na ce teburi ne a kife. Ta ce sai me? Na ce katifa biyu, da firji an ɗaure shi da igiya, da kujeru. Wane launi? Na ce ja, da ɗan ruwan zinariya a hannu. Ta ce Allah ya sawwaƙe, matar gidan ba ta da ido. Ta yi dariya, ni ma na yi, ban san ko ya kamata ba. Ta tambayi labule, ta tambayi tukwane, ko an nannaɗe madubin sif ɗin da bargo ko an bar shi haka. An bar shi haka. Ta ce zai fashe kafin su isa, kuma mijin za a ɗora wa laifi, kuma shi ne mai laifin. Na faɗa mata akwai keken yara a sama, da fanka, da wata tukunyar fure da wani ke riƙe da ita a cinya. Ta ce to, aƙalla akwai mai hankali ɗaya a gidan.

Motoci suka yi ta wuce mu suna hon. Har ƙofar garin Yaya muna bayan kayan mutanen nan. Mun tarar an gama cin abinci, Yaya ta ce ta ɗauka mun fasa.

Da dawowa wata motar itace muka bi. Babu abin bayani sosai a jikin itace, amma na yi ƙoƙari.

Gobe in kai wa Sai-Jibi ya duba lagireto. Allurar zafin ba ta motsa ba ko kaɗan, amma a duba dai.