Askin Jorawar a Ganuwar Kakanni

Muskat, ranar Juma'a.

'Yata Kesar,

Ina gaishe ki da kewa mai yawa. Yaya gwiwar kakarki Dadi? Ki taɓa mini ƙafafunta don girmamawa. Ki gaishe da mahaifiyarki, da ƙaninki Jorawar.

Na ga a wasiƙarki kin ɗauka ganuwar kakanninmu ita ce babbar nan da baƙi ke ɗaukar hoto. Ni ma haka na zata ina yaro. Tamu tana bayanta, a kan tudu, rabinta ya rushe. A cikinta ɗakin bautar uwargijiyar zuri'armu yake, kuma can kaɗai ake yi wa ɗan gidanmu askin fari, yana zaune a cinyar ubansa.

Na ji yara suna ce wa Jorawar, "Amarya, ina angonki?" saboda dogon gashinsa. Dadi ma a waya cewa ta yi, "Malam, kana can kana koyar da 'ya'yan mutane, naka yana yawo da kitso!" Na yi dariya, amma ranar ban iya cin abinci ba.

Lafiyata ƙalau, tarin nan da kuka ji a waya ba komai ba ne. Sai dai makaranta ta rage malamai, wanda ya tafi hutu ba ya dawowa. Bana ma ba zan zo ba.

Kada ya ƙara jirana. Bayan damina ku hau tudun. Ki ɗauki tsohon rawanina, ki shimfiɗa a cinyarki, ki zaunar da shi a kai. Idan ya yi kuka ki riƙe masa kai sosai, yana tsoron aska kamar ni.

Uwargijiya ta tsare ku.

Mahaifinki,
Bhanwar Singh